An ce kuɗin asibitinmu sun sauka amma sai mun yi karo-karo an tura fayil, mu biya?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Rufin ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitinmu ya yaye tun damunar bara, yanzu a baranda ake awon ciki, in naƙuda ta zo da dare sai dai a ɗora mace a babur zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma. Kwanaki aka turo mana hoton shafin bajet a WhatsApp, ga sunan garinmu ga miliyan 25 na gyaran asibitin. Kuma mun ji Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu, majalisar jiharmu ma ta yi sabuwar doka a kai. To wani ɗan garinmu mai hanya a birni ya ce kuɗin sun sauka, fayil ne ya maƙale, kowane gida ya kawo dubu biyu a tura shi. Matasa kuma sun ce ciyaman ne ya haɗiye, a je a tare titi. Dattawa sun ba ni mako guda in kawo bayani, wallahi barci ya gagare ni.

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Kafin komai, don Allah kada kowa ya ba da dubu biyun nan, in an riga an fara karɓa a tsaya, a maida wa mutane kuɗinsu. Matasan ma a ba su haƙuri su dakata da maganar titi, don har yanzu ba ku san wa za ku tuhuma ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli gaskiya ne. Ranar 11 ga Yulin 2024 aka yanke shi, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, kotu ta ce kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa shiga hannunsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi, shi ya sa kuka ga jihohi sun yi ta rige-rigen zaɓe a ƙarshen shekarar. Amma sashe na 162 na tsarin mulki, wanda ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ba a goge shi daga littafin ba, aka kuma shafe watanni ana kai-kawo kan buɗe musu asusu a Babban Bankin Najeriya. Wasu jihohin ma ta bayan gida suka ɓullo. Anambra ta yi doka a Oktoban 2024 da ta ce ko kuɗin sun shigo wa ƙaramar hukuma sai ta zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi. Don haka dokar jiharku ku nemo ta a rubuce ku karanta sashen cire-cire, nawa ake yanka na albashin malaman firamare, nawa na fansho, nawa na masarauta, nawa na abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Ka bar taken dokar, taken kullum mai daɗi ne.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma kusan kullum sai an kawo mini shi. Mutum ya ga sunan garinsu a bajet shikenan a wajensa kuɗi na nan a akwati ana jira. Haba jama'a. Bajet izini ne. Majalisa ce ta ce wa gwamnati in kin samu kuɗi an yarda ki kashe har kaza a kan abu kaza, ba ta ce kuɗin suna nan ba, ba ta ma tilasta a kashe su ba. Kamar magidanci ne ya zauna da uwargida a farkon shekara ya ce bana in Allah ya hore zan yi wa ɗakinki silin in sayo injin markaɗe, ta rubuta a takarda ta ajiye a ƙarƙashin katifa. Takardar nan ba ta sayen ko ƙusa ɗaya. In ta kai ƙara wajen surukai cewa ya cinye kuɗin silin ai dariya za a yi mata, abin da za ta tambaya shi ne me ya samu bana kuma ina ya kai shi.

Tsakanin layin nan da kuka gani da buhun siminti na farko akwai ƙofofi da yawa. Ma'aikatar da aikin ke ƙarƙashinta sai ta rubuta takardar neman amincewa, gwamna ko majalisar zartarwa su amince, ofishin tantance kwangila ya duba farashi, a ba da kwangilar, ma'aikatar kuɗi ta fitar da takardar izinin kashewa, sannan Akanta Janar ya sa kuɗi na gaske a bayan takardar. A wannan ƙofar ta ƙarshe ayyuka suka fi mutuwa, don albashi da biyan bashi ake fara cirewa, abin da ya rage shi ayyuka ke wawaso. Gwamnatin tarayya da kanta sai da ta ɗage wa'adin ayyukan bajet ɗin 2024 zuwa ƙarshen Yunin 2025, ta sake ɗagawa zuwa ƙarshen Disamba, saboda ba a gama sakin kuɗin ba. To in babbar giwa haka take, ina ga rufin ɗakin haihuwa a ƙauye. Na sha ganin aiki ɗaya ya fito a bajet shekara uku a jere da suna ɗaya da adadi ɗaya, mutanen gari su ce an ci kuɗinsu sau uku, alhali ko kwabo ba a taɓa saki ba, kwafa kawai ake yi ana maimaitawa.

Ba wanke ɓarayi nake yi ba fa, ana saki a cinye, ana biyan ɗan kwangila ya shafa fenti ya gudu, duk muna gani. Amma wannan rashin fahimtar ita ce gonar 'yan damfara. Duk wanda ya ce maka kuɗi sun sauka sai dai a tura fayil, ya san ba ka san bambancin ba. Lissafa mana, gida ɗari biyar sau dubu biyu miliyan ɗaya kenan. In Allah ya sa aka yi aikin don dama za a yi, shi ne gwarzo, ƙila ma ya fito takarar kansila. In ba a yi ba ya ce wanda ya ba wa an yi masa canjin wurin aiki, a ƙaro. Kuma ko da gaske zai kai wa wani jami'i, sunan abin cin hanci, ku da kuka tara kun shiga ciki, ranar da ta ɓaci kuwa sunanka ne a saman takardar karo-karon tunda kai ne sakatare. Babu wata ƙofa cikin waɗanda na lissafa da doka ta ce al'umma su biya.

Sannan hoton nan, bajet ɗin wa ne? Ba ka faɗa mini ba, ina jin ku ma ba ku duba ba. In na tarayya ne, galibi aikin mazaɓa ne na ɗan majalisarku na Abuja, ciyaman ko ƙamshin kuɗin ba zai ji ba, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ce ke bin irin waɗannan tun 2019. In na jiha ne ma'aikatar lafiya ko hukumar lafiya a matakin farko za ku nufa. In na ƙaramar hukuma ne sannan ciyaman ya shigo. Kai wani lokacin ma daftarin da aka kai majalisa ne ake yaɗawa, ba wanda aka sa wa hannu ba, ko na shekarar da ta wuce. Ka ga da an tare titi da an zagi wanda ba shi da hannu, a kama yara biyar, kuɗin karo-karon ya tafi a beli.

A makon nan da aka ba ka, nemo cikakken bajet ɗin da aka sa wa hannu, yawancin jihohi suna ɗora shi a shafinsu na intanet tare da rahoton aiwatarwa na duk wata uku, ka rubuta shekarar da lambar aikin da ma'aikatar da ke riƙe da shi. Kason ƙaramar hukumarku na kowane wata kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitarwa. Sai ku rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya, mai gari da limami su sa hannu, tambaya uku kacal: an ba da kwangilar, wa aka ba, nawa aka saki. Ku ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kwana bakwai ta ba su su amsa. Za su yi ta yawo da ku, oga ba ya nan, dawo gobe, sakatariya ta tafi sallah, na sani, amma kada ka bar ofishin sai an buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ku ɗauki hoton rufin da barandar, ku kai wa ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, ku tura wa Tracka masu bin diddigin ayyuka, ku kira shirin rediyo na safe ku karanto lambar aikin, kada ku zagi kowa.

Ka kuma tambayi shugaban asibitin ko suna cikin waɗanda ke karɓar kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa. Duk wata uku ake turawa asusun asibitin kai tsaye, kuma shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa yana cikin masu sa hannu kafin a cira. Ba su da yawa, ba za su gina ɗaki ba, amma ƙananan gyare-gyare na cikin abin da aka ware su dominsa. In kuma dattawa sun dage sai an yi karo-karon, to a sayi kwano da katako da shi a kira kafinta, kowa yana gani a rufe ɗakin kafin ruwa ya sauka.