Naman da ba ka san yadda ya mutu ba, kada ya shiga kejin shaho

Ka ce wani maharbi ya yi maka tayin zai riƙa kawo wa gandun shahon nan tantabaru da zomaye kusan kyauta, kuma tunda muna da firiza, me zai hana mu karɓa mu rage kuɗin salwa da ɓeraye? Amsa ita ce a'a. Da wani ne ya tambaya, iyakar abin da zai ji ke nan. Amma kai ne za ka riƙe makullin ɗakin abinci ranar da ba na nan, saboda haka ajiye wayar nan ka buɗe kunne.

Banza ba ta kai zomo kasuwa, yaro. Firizar da kake taƙama da ita tana kashe ƙwayar cutar da tantabara ke ɗauke da ita a maƙogwaro, wadda ke fito wa shaho da miki a baki har ya kasa haɗiya. Wannan gaskiya ne. To amma sanyi ba ya kashe murar tsuntsaye, ba ya cire maganin ɓera daga hanta, kuma ko shekara nama ya yi a daskare, dalmar harsashi tana nan yadda ta shiga. Ruwan cikin shaho da gaggafa yana da ƙarfin da ke narkar da ƙashi, shi ne kuma ke narkar da dalma ya tura ta cikin jini. Ƙwaya ɗaya tak ta isa ta kashe tsuntsu.

Ina da wata macen shaho a da, irin feregirin, wanda idan ya sako daga sama yake wuce kilomita 300 a awa. Tun da nake wannan aiki ban riƙe tsuntsuwa mai kyan ƙira da nutsuwa kamarta ba. Shekaru na yi ina neman namijin da za ta yarda da shi. Ka san mace ta fi namiji girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, in bai yi mata ba tana iya kashe shi a cikin keji. Sai da na raba su da raga suna kallon juna tsawon lokaci kafin in haɗa su. Ranar da na leƙa ta hudar bango na ga ya miƙa mata nama ta karɓa, a tsaye na yi hamdala. Ta saka ƙwai huɗu, na haska su na ga uku da rai a ciki. Kwancinsu wajen kwana 33 ne, ta riga ta ci fiye da rabi.

Mutumin da ke kawo mana abinci a lokacin mun daɗe tare. Salwa yake kawowa da tantabarun kiwo, yankakku, ni kuma ina daskarar da su kamar yadda kake faɗa. Ashe tantabarunsa sun yi ƙaranci. Maimakon ya zo ya ce mini, maigida wannan karon ban cika ba, sai ya je ya sayo na harbi a wajen maharba, ya fige su, ya wanke jinin tas, ya jera su a ƙasan kwali ƙarƙashin masu kyau. Hudar ƙaramin harsashi idan nama ya daskare ba ka ganinta.

Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne, kirkin namijin ne ya kai mata ajalin. Lokacin kwanci shi ke ɗaukar abinci ya kai wa mace a sheƙa, ya ci kaɗan ya bar mata tsokar ƙirji. A tsokar nan dalmar take. Da farko kashinta ya koma kore. Sai na ga idan ya zo karɓarta a kan ƙwai ba ta son tashi. Daga nan fiffike ya sauka, abinci ya tsaya mata a jakar wuya bai wuce ba, ƙafafun da ke damƙe tantabara a iska suka kasa riƙe katako. Likitan dabbobi ya ɗauki hoton cikinta, ga ƙwayoyin nan farare fat. Ya yi mata allurar da ke janye dalma daga jini, amma an makara. A hannuna ta yi ta jijjiga har ta cika.

Na kira mutumin, ya zo yana rantse-rantse. Ban yi musu da shi ba. Na narkar da sauran kwalin a gabansa, na ɗauki wuƙa ina tsagawa, ƙwayoyin harsashi suna faɗawa cikin kwano yana ji da kunnensa. Ka san abin da ya ce? Wai in yi haƙuri, ai tsuntsu ne. Tsuntsu! Aikin shekaru, da irin da nake fatan in bari a gandun nan bayan raina. Ko sisi bai biya ba, kuma na ji har yau yana sayar wa wasu.

Ƙwan na kwashe zuwa injin ƙyanƙyasa, ɗaya kaɗai ya fito. Na ɗinka safar hannu mai siffar kan shaho ina ciyar da shi ta bayan labule, don kada ya tashi yana ɗaukar kansa mutum. Sai wani yaro sa'anka ya riƙa faɗawa ɗakin idan na juya baya, yana ba shi nama a hannu yana ɗaukarsa hoto don abokai su gani. Ku yaran yanzu komai sai an nuna wa duniya. Ɗan shahon nan shi ne wannan da ke ihu duk lokacin da ya hango ka da jakar nama, wanda 'yan kallo ke sha'awa saboda ba ya gudun mutane. Ba zai taɓa kula mace ba, ba kuma za a iya sakinsa daji ba.

Kada ka ɗauka tsautsayi ne ya faɗa mini ni kaɗai. Babbar ungulun Kalifoniya a Amurka, a 1987 guda 27 suka rage a duniya, aka kame su duka aka yi ta kiwo, da irin safar nan tawa ake ciyar da 'ya'yansu. Da aka sake su, dalmar da ke cikin mushen da maharba suka bari ita ta ci gaba da kashe su, har jihar ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya a 2019. A Indiya kuwa maganin ciwon shanu, diklofenak, ya share fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu masu cin mushen shanun, kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Masu digiri da kuɗi ke nan, abinci ya kayar da su, balle kai da ko ɗaurin igiyar ƙafa ba ka gama iyawa ba.

Yadda ake narkar da nama, da wanke wuƙa, da cewa a ba tsuntsu abinci da gashinsa da ƙashinsa ba tsoka zalla ba, wannan ko wawa ya sani, ba zan ɓata bakina ba. Abin da nake so daga gare ka shi ne, duk abin da zai shiga keji ko jakar da muke fita da ita gaban 'yan kallo, ka san wanda ya kiwata shi da yadda ya mutu. Na harbi, na tsintuwa a hanya, na kyauta daga maziyarci, duk rami za su. Kowane sabon kwali ka zazzage shi har ƙasa, ka tsaga na ƙarƙashin kafin na sama. Da safe kafin ka ɗora tsuntsu a sikeli, ka fara duba ƙasan inda ya kwana. In ka ga kore, ka kira ni nan take, ko ina kan tabarmar cin abinci ne.