Laƙabin jirgi ba ya shiga littafin aiki

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa matuƙin nan ya ce maka "Classic" ce ta sauka jiya a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua, alhali takarda ta ce 737-300. Ba zolayarka yake yi ba. Mu ma muna raɗa wa jirage suna, kamar yadda dillalan mota ke ce wa wata Honda "Hennessy".

Boeing 737 ya fara tashi a 1967. Samfuran farko, 737-100 da 737-200, masu injin JT8D siriri dogo manne a ƙarƙashin fiffike, su ake ce wa "Jurassic" saboda tsufa. Nigeria Airways ta yi aiki da 200, ƙararsa kuwa sai ka toshe kunne. A 1984 aka fito da 300, 400 da 500 suka biyo baya, duka da injin CFM56 mai faɗi. Da yake ƙafafun 737 gajeru ne, injin ya kusa taɓa ƙasa, sai aka mayar da akwatin giyarsa gefe, aka baje gindin murfin. In ka samu dama ka tsuguna ka kalli bakin injin, za ka ga bai zagaye daidai ba. Wannan dabara tana burge ni har yau. Ba a kira 300, 400 da 500 Classic ba sai da ƙannensu NG (Next Generation, wato sabon zubi) suka fito a ƙarshen shekarun 1990.

Jirgin MD-80 kuwa laƙabinsa "Mad Dog" ne, Boeing 747 "Jumbo".

Ga inda nake so ka buɗe kunne. A gidan 747 ma akwai Classic: 100, 200 da 300, masu mutum uku a ɗakin tuƙi, na ukun injiniya ne mai lura da injuna da mai. Shi 400, irin wanda Max Air ke jigilar alhazai da shi, mutum biyu ke tuƙa shi, ba ya cikinsu. Ka ga suna ɗaya, jirage daban, injuna daban.

Don haka in wani ya ce maka Classic, tambaye shi wanne. In za ka nemi kayan gyara ko ka cike littafin aiki, wato inda ake rubuta gyaran da aka yi wa jirgi, rubuta samfurin, da lambar rajista mai farawa da 5N in jirgin Najeriya ne, da lambar da kamfani ya buga wa jirgin. Ko 300 biyu ka ajiye gefe da gefe, ba lallai kayansu su zo ɗaya ba, kuma rayukan mutane ke bisa sa hannunka.