Amsa Daga Zangon Accra: Furen Nan Shuɗi Na Gindin Katanga

Assalamu alaikum, Malam. Saƙonka daga Bauchi ya iso, kana tambayar furen nan shuɗi da ka gani a gidajen unguwannin Nima da Sabon Zango a nan Accra, da yadda muke rayar da shi alhali tsakar gidajenmu siminti ne kuma ruwa saye ake yi. Sunansa fulambago, asalinsa daga Afirka ta Kudu. Mu dai shuɗin fure kawai muke ce masa. Yana kaiwa mita 2 zuwa 3 idan an bar shi, ya yi ta jingina da katanga.

A zango ba kasafai ake sayensa ba, roƙa ake yi wajen maƙwabci. Ka yanki reshen da ya fara ƙwari amma bai zama itace ba, tsawon santimita 10 zuwa 15, daidai ƙasan gaɓa. Tsige ganyen ƙasa, ka bar biyu ko uku a sama, ka soke rabinsa cikin yashi mai danshi a inuwa. Cikin mako 3 zuwa 4 zai yi saiwa. Soke biyar don ka samu uku. Wanda bai son jira sai ya haƙo ɗan tsiron da ke fitowa gefen uwar, da saiwarsa, ya dasa.

Gidan haya ne da yawanmu, ɗaki ɗaki, don haka tukunyarmu jarka ce mai ruwan ɗorawa, wadda 'yan Gana ke kira galan ɗin Kufuor. A yanke samanta, a huda gindin wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi. Haɗin ƙasar kuwa: olonka biyu na ƙasa (olonka shi ne mudunmu), ɗaya na yashi, ɗaya na kashin shanu da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, ya kuma jawo gara. Kai da ke da fili, haƙa rami kamu biyu faɗi da zurfi, ka bar mita ɗaya tsakani idan shinge kake so.

Kan ruwa mutane suka fi kuskure. Nan jarkar ana ajiye ta kusa da inda ake alwala, abin da ya fantsama ya ishe ta. Ruwan wanki da omo ba ya zuwa wurin, don yana ɓata ƙasar, ganye ya koma rawaya jijiyoyinsa na kore. Makonni shida na farko a ba shi ruwa duk bayan kwana biyu. Daga nan na ƙasa sau ɗaya a mako ya wadatar, na jarka sau biyu ko uku. Tura yatsa cikin ƙasar; in da danshi, ƙyale shi. Idan ka ga ganye ya yi yaushi alhali ƙasa jiƙe take, saiwa ce ta fara ruɓewa, kuma ƙarin ruwa ƙarasa shi zai yi.

Kada ka bi lissafin lokacinmu. Mu damina biyu gare mu, ku ɗaya. Dasa a watan Yuni da ruwa ya zauna, don ya kafu kafin hunturu. Zafin Maris da Afrilu na Bauchi ya fi namu, yana koɗar da shuɗin ya koma fari-fari, saboda haka nema masa gefen gabas na katanga: ranar safe sa'o'i 5 zuwa 6, inuwa bayan azahar. Inuwa zalla kuma ba ya fure.

A sabon toho yake fure, shi ya sa aski ya fi masa taki amfani. Ƙarshen bazara, gab da ruwan farko, sare kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, ka cire busassun rassa. Mai tausayin almakashi dogayen sanduna zai samu, fure can a ƙarshe. Takin yuriya kuma a ra'ayinmu ɓarnar kuɗi ce, ganye kawai take sa shi. Cikin tafi ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 farkon damina, nesa da gindi, ya isa. Sa safar hannu in za ka yi askin, ruwan jikinsa yana sa ƙaiƙayi har da ƙuraje. Ba a cinsa, a hana yara tauna shi, kodayake ba za ka hana su manna furen a kunne ba, don gindinsa da danƙo.

Farin gari da za ka gani bayan ganye halittarsa ce, ba cuta ba. Ƙwarin da ke damunsa su ne fararen ƙudaje ƙanana da masu kama da auduga a gaɓoɓi, musamman da rani. Narka sabulun salo ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, ka fesa ƙarƙashin ganye da yamma, ka maimaita bayan mako.

Awaki kuwa, na zango da na Bauchi halinsu ɗaya. Kewaye shi da ƙaya ko ragar waya har ya shekara. A gaida mutanen gida.