Kafin ka taɓa rumfar motar kakanka

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sai da na karanta shi sau biyu ina murmushi. Wai kana tambaya ko al'ada ta yarda ka cire kujerun Land Rover ɗin kakanka da rumfarta ta tamfol ka zubar, alhali shi ya zauna a kai, kuma ko ka biya mai ɗinki kuɗinsa duka don ya gama kafin bikinka, saura mako uku. Kujera dai ba ta da hurumi. Amma "zubarwa" da "mako uku" ɗin nan, su suka tsaya mini a rai.

Ka lura sitiyarinta a dama yake? Kafin 1972 Baba ya saye ta, lokacin ana tuƙi ta hannun hagu, kuma da fam aka biya, don naira sai a 1973 ta zo. Jikinta na alminiyom ne, shi ya sa har yau bai yi tsatsa ba. Ƙarafan da ke riƙe da rumfar kuwa suna yi, su za ka fara dubawa.

Wata damina, ina ɗan shekara goma sha biyu, muna dawowa daga Gumel iskar hadari ta kama mu, ta tsaga rumfar tun daga gaba har baya. A jiƙe sharkaf muka shigo Kano. Washegari Baba ya kai ta wurin wani tsoho mai ɗinkin tamfol, ya bar ni a can in riƙa miƙa masa kaya. Ni a zatona zuwa la'asar an gama. Ina! Tsohon nan ya zauna ya warware tsohuwar rumfar ɗinki bayan ɗinki, bai sa almakashi ba, ya shimfiɗa kowane ƙyalle a ƙasa ya yi masa alama da gawayi. Sabon tamfol ɗin kuma ya sa muka jiƙa shi, ya bushe, muka sake jiƙawa, don na auduga yana tsukewa in ya sha ruwa; in ka yanka shi ɗanye, ruwan farko zai ja shi har igiya ta kasa kai wa ƙugiya. Aikina shi ne goga wa zare kakin zuma, har yatsuna suka yi kanta. Inda keke ba ya shiga, a kusurwa, da basilla yake bi. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen tamfol, ƙofar shagon nan nake gani, da hular tsohon da ta sha gumi.

Kwana tara muka yi. Kullum da safe Baba zai zo da goro, ya durƙusa ya gaishe shi, ko sau ɗaya ban ji ya ce "yaushe za a gama?" ba. Da na yi ƙorafi a hanya, sai ya ce da ni, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mai sana'a in ka tsaya masa a ka, hannunsa ne zai yi maka aiki, zuciyarsa ba za ta yi ba. Kafin alƙalami kawai ya bayar, na sayen kaya. Cikon sai da rumfar ta sha ruwa biyu ba ta ɗiga ba, sannan ya kai da kansa, ya ba yaran shago tukwici. Ba rashin yarda ba ne. Haka aka saba, shi ma tsohon ba zai karɓa ba kafin nan.

Ku yanzu sai ku tura hoto ta waya, ku tura kuɗi, ba ku ma san fuskar mai aikin ba. Abin yana ba ni takaici, domin da yawan waɗanda suka iya sun tafi ba mu sa 'ya'yanmu sun zauna gabansu ba. Wannan laifin namu ne.

Ka ce kana sha'awar jar fatar akuyar Sakkwato. Tana da kyau, duniya ta san ta, amma ƙarama ce kuma ba ta da kauri, sai an yi ta haɗe-haɗe. In fata kake so, ka je Majema ka nemi kirgin saniya da aka jeme da bagaruwa. Asalin kujerun dai leda ce mai kauri, guda uku a gaba. Kada ka yarda da soso mai araha, wata shida zai lotsa. Araha ba ta ado. Ka kuma gargaɗi masu aikin cewa tankin mai yana ƙarƙashin kujerar dama, kada wani ya kawo walda kusa.

Tsohuwar rumfar kuwa, a gefenta na hagu akwai wani faci mai zare baƙi, karkatacce. Mahaifinka ne ya yi shi, Allah ya jiƙansa. In an gama awo da ita, ka naɗe ka kawo mini. Bikin kuma ka ari motar abokinka.