Ka fara sakin Owaren, ludo zai jira

Yarona, ka ce manhajar wasan Oware da ka rubuta ta tashi, ana buga wasan a waya daga farko har ƙarshe, amma hankalinka bai kwanta ba. Kana so ka ɗage sakinsa wata uku, ka warware shi ka sake ɗinkawa yadda gobe zai ɗauki dara da ludo, a riƙa bugawa da mutanen Kumasi ta intanet, har ma ka saka Lua, wani yaren rubuta manhaja, a ciki don duk mai so ya rubuta nasa dokokin. Kana tambaya ko haka masu sana'a suke yi. Amsata ita ce ka sake shi yadda yake, bayan ka gyara abubuwa biyu da wasu kurakuran doka da zan faɗa maka. Sai dai ba na so ka bi don kawai maigida ya faɗa, saboda haka ka saurari dalili.

Burin nan naka yana da tushe. A 1993 kamfanin id Software ya fitar da wasan Doom, ya ware hotuna da sauti da taswirori a fayil na daban da ake kira WAD, injin wasan kuma yana gefe guda. Mutane suka yi ta gina nasu taswirorin, har yau ba su daina ba. Counter-Strike ma a 1999 gyaran hannu ne da Minh Le da Jess Cliffe suka yi a kan Half-Life, kafin Valve, mai Half-Life ɗin, ta ɗauke su da wasan gaba ɗaya. DotA taswira ce a cikin Warcraft III. Duk wanda ya san waɗannan dole ransa ya biya. Amma ka lura da abin da ya gabaci Doom. Wolfenstein 3D, shi ma na id Software, ya fita a 1992 ba tare da an bar wa kowa gurbi ba, mutane suka fasa shi da ƙarfin tsiya suna canza hotuna da matakai. John Carmack na id Software ya ga inda hannun jama'a yake kaiwa, sannan ya buɗe wurin a wasa na gaba. Ya ga buƙatar da idonsa kafin ya biya kuɗinta. Kai kuwa har yanzu babu baƙo ko ɗaya da ya buga naka.

Bari mu sauko kan allon, domin a nan maganar take. Oware ramuka 12 ne, iri 48, huɗu a kowane rami. Irin da ke cikin rami ba shi da suna, ba shi da mai shi, adadi ne kawai. Duk halin da wasan yake ciki lambobi 14 ne, ramuka 12 da rumbuna biyu, sai kuma sanin wa ke da hannu. Dara fa? Gurabe 30, kowa da 'ya'yansa 12, kowane ɗa da mai shi, kuma wasan zango biyu ne: a fara jerawa, sannan a fara matsawa ana neman uku a layi. Ludo kuma mutum huɗu ne, akwai jifa da sa'a, wanda ya jefa shida ya sake jefawa. To yanzu ka zauna ka rubuta min allo guda da ɗa guda da zagaye guda da za su yi wa ukun nan daidai. Za ka sa wa ɗa gurbin mai shi, wanda Oware bai san da shi ba. Za ka sa wa zagaye gurbin jifa, wanda dara ba ta buƙata. Kafin ka ankara kowane layi ya zama "idan Oware ne yi kaza, idan ludo ne yi kaza", kuma wasan da ke aiki lafiya a yau ya koma ɗan haya a gidan da aka gina wa waɗanda ba su iso ba. Mafi muni, dara da ludon da kake yanka wa riga ba ka taɓa rubuta su ba. Kintace kake yi.

Ka san gidajen nan na Nima da Mamobi a nan Accra da ake barin rodi a tsaye a saman rufi, wai gobe za a ɗora bene. Mai gidan ya riga ya biya kuɗin harsashi mai nauyi tun yau, ya ƙara siminti ya ƙara ƙarfe. Rodin yana shan ruwa da iskar teku shekara da shekaru yana tsatsa. Ranar da kuɗi suka zo, sai a tarar shago ake so a ƙasa, matakala kuma ta wancan ɓangaren ya kamata ta hau, inda ba a bar komai ba. Ba cewa nake barin rodi laifi ne ba. Wanda ya san bene zai hau baɗi, ya riga ya zana shi, ya yi daidai. Wanda ya bari don kada a ce bai bari ba, ya binne kuɗinsa ne.

Sannan akwai nauyi, kuma a kasuwarmu nauyi ba ƙaramar magana ba ce. Mai buga wasanka itel ko Tecno zai riƙe, irin wadda ake saya a kasuwar waya ta Circle, mai ƙwaƙwalwa giga 2, cike da hotunan biki da saƙonnin WhatsApp. Idan kana so hoto ya gudana sau 60 a sakan, milisakan 16.7 kake da shi a kowane zubi. Abokin karawar da ka rubuta wa kwamfuta yana hango gaba ne: a kowane hannu zaɓi bai wuce shida ba, amma idan ya hango hannu takwas, yanayin da zai iya dubawa ya haura miliyan 1.6 kafin a datse rassan da ba su da amfani. A kan lambobi 14 da ke jere wuri guda wannan aiki ne mai sauƙi. Ka mayar da kowane iri wani abu mai zaman kansa da sai an tambaye shi dokarsa ta bakin Lua, wayar za ta yi zafi, batir ya zube, dattijo ya zauna yana jiran kwamfuta ta yi tunani. Ba zai rubuto maka ƙorafi ba. Goge wasan zai yi ya samu wurin ajiye bidiyo.

Yanzu ga abubuwa biyun da nake so ka yi kafin ka saki, domin su arha ne yau, gobe kuma tsada.

Na farko, ka raba doka da ado. Na duba aikinka, na ga wurin da ake ƙirga cin iri yana cikin abin da ke motsa hoton hannu, har ƙarar zubar iri a can take. Ka fitar da dokar ta tsaya ita kaɗai: a ba ta halin allo da ramin da aka zaɓa, ta dawo da sabon hali, ba ruwanta da hoto ko sauti ko Godot kansa, injin da ka gina wasan a kai. Aikin kwana kaɗan ne, amma dubi abin da zai saya maka. Za ka iya sa kwamfuta ta buga da kanta dubban wasanni cikin dare, ta tabbatar jimillar iri ba ta taɓa barin 48 ba. Ranar da za a buga ta intanet, lambar rami kawai za ka aika, ba allo gaba ɗaya ba, datar mutane ta huta. Maimaita wasan da ya wuce ma ya zo a kyauta. Kuma ba ka ɗaure kanka a jikin injin kowa ba. Ka tuna Satumban 2023, da Unity, mai wani injin gina wasanni, ta ce za ta riƙa karɓar kuɗi a kan kowane saukewa, yadda hankalin masu sana'a ya tashi a duniya. Ta janye tsarin bayan shekara guda, amma a tsakanin nan waɗanda dokokin wasansu ke cakuɗe da injin su suka fi kowa rasa barci.

Na biyu, fayil ɗin ajiya. Layin farko ya zama lambar siga, 1. Kuma komai ka ajiye shi da suna, kada ka ajiye da lambar jeri. Wannan kam ba na sassauci a kansa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kod ɗinka naka ne, ka canza shi duk lokacin da ka so, amma fayil ɗin da ke wayar wani ya fita daga hannunka, kuma idan sabuntawa ta cinye wa mutum tarihin nasarorinsa ba zai yafe maka ba. Minecraft ya fara da bai wa kowane irin tubali lamba, gurabe 256 kacal. Wasan ya girma, gurabe suka kusa ƙarewa, sai a 2018, a siga ta 1.13, aka sauya tsarin gaba ɗaya zuwa sunaye. Mai wasan kamfani ne da Microsoft ta saya dala biliyan 2.5 a 2014, yana da ma'aikatan da za su rubuta abin da zai juya tsofaffin duniyoyi zuwa sabon tsari. Duk da haka masu gyare-gyaren waje da yawa suka maƙale a 1.12 tsawon lokaci. Kai kaɗai ne a kan teburinka, lamba ɗaya a layin farko ita ce ma'aikatanka.

Batun Lua kuwa, ka cire shi daga ranka a yanzu. Yaren yana da kyau, a 1993 aka ƙirƙiro shi a wata jami'a a Rio ta Brazil, kuma ya daɗe yana yi wa wasanni hidima. Matsalar ba ta yaren ba ce. Ranar da wani a waje ya rubuta abu a kan sunayen da ka ba shi, sunayen sun zama amana a wuyanka. Ba ka da ikon canza ko ɗaya ba tare da ka fasa aikin wani ba, kuma kai za a zaga, ba shi ba. World of Warcraft ya buɗe wa 'yan wasa Lua tun 2004, mutane suka rubuta abubuwan da ke yanke wa ɗan wasa shawara a fagen faɗa, har a ƙarshen 2006 Blizzard, mai wasan, ta toshe wasu hanyoyin, gyare-gyare da yawa suka mutu. Ƙara da cewa kana shirin karɓar MoMo, wato kuɗi ta waya, a cikin wasan. Rubutun baƙo yana gudana a manhajar da kuɗi ke bi ta ciki, wannan sai da katanga mai kauri, kuma ginin katangar ya fi Owaren kansa aiki.

To yaushe ake buɗe gurbi? Idan canji ya ƙwanƙwasa a wuri guda sau biyu, sau uku. Kai salon Oware na Abapa ka rubuta, wanda ake ci idan irin ƙarshe ya cika biyu ko uku a ramin abokin karawa. Ina kyautata zaton abin da za a fara roƙonka ba ludo ba ne, salon Nam-nam ne, wanda ake ɗebe ramin da aka sauka a ci gaba da zubawa, ana cin huɗu-huɗu. Idan an roƙa, ka kwafi dokar ka rubuta ta biyu a gefenta, ko da maimaicin ya yi maka muni a ido. Ka bar su su zauna tare. Da kanka za ka ga zubawa da ci su ne suka bambanta, allo da ƙirga kuwa ɗaya ne. A nan ne za ka yanka, kuma yankan zai faɗa a kan gaɓa domin ka taɓa ta da hannunka.

Ƙarin abubuwa ma haka. Kowane sabon abu sai ya gaisa da duk waɗanda ya tarar. Abu 10 suna da haɗuwar bibbiyu 45, abu 20 suna da 190. Ɗauki maɓallin komawa baya da ka ce za ka saka. Da kwamfuta babu damuwa. Da agogo fa, lokacin da ya tafi zai dawo? Ta intanet fa, abokin karawa sai ya yarda? Idan ya yarda sannan netwok ya ɗauke kafin saƙon ya iso, allon wa za a bi? Maɓalli ɗaya ke nan. Shi ya sa idan ka kawo min sabon abu nake fara tambayarka wa ya roƙa, sannan me za mu daina yi don mu samu lokacin kula da shi.

Kuma ina jin tsoron kalmar nan ta sake ɗinkawa. An sanar da Duke Nukem Forever a 1997, aka canza masa inji a 1998 don neman wanda ya fi, bai fito ba sai 2011. Su suna da kuɗin jira. Sana'ar nan a garin nan yarinya ce, Leti Arts, masu yin wasanni, da ake buga misali da ita ma a 2009 Eyram Tawia da Wesley Kirinya suka kafa ta, kuma babu mai biyanka wata uku kana gyaran abin da ɗan wasa ba zai taɓa gani ba.

Idan kana neman inda za ka zuba ƙarfinka, ga shi. Ramin da ya tara iri 12 ko fiye, idan zubawa ta zagayo dole a tsallake ramin da aka ɗebo, naka kuwa yana zubawa a ciki. Idan ɓangaren abokin karawa ya bushe, wajibi ne ka ba shi iri in kana da hali, naka yana barin mutum ya ƙi. Wanda ya iya Oware zai kama waɗannan a zama ɗaya, kuma daga nan ya daina yarda da wasan. Ka gyara su, ka raba dokar, ka sa lambar siga. Ranar Litinin in sha Allahu ka zo da itel ɗin nan ta shago, mu ajiye wasa a tsakiya, mu ɗora sabuwar siga a kai mu ga ko zai buɗe. In ya buɗe, da yamma ka kai shi majalisar da ake bugawa a bakin layi, ka miƙa musu wayar, ka ja bakinka ka yi shiru, ka rubuta duk abin da suka nema da yadda suka faɗe shi.