Tambaya da Amsa: Daga Jos zuwa hutu a jirgin ruwa, ta ina ake farawa?

Tambaya: Ni ɗan fansho ne a Jos. Ina so in kai uwargida hutun mako guda a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido. A Legas ake hawa? Kuma me ya kamata mu sani game da ranar tashi?

Amsa: Alhaji, Allah Ya saka da alheri da wannan niyya. Ka cire Legas daga lissafi, domin Apapa da Tin Can tashoshin kaya ne. Sai kun sauko Abuja kun hau jirgin sama zuwa garin da jirgin ruwan zai tashi. Basalona a Sifaniya ce tashar da ta fi cika a Bahar Rum. Dubai tana ci lokacin sanyi, a zaga Abu Dhabi da Doha. Durban a Afirka ta Kudu kuwa daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, a leƙa gaɓar Mozambik. Ni da za ka bi tawa, Jidda za ka fara dubawa. Tun Disambar 2024 kamfanin Saudiyya AROYA ya fara aiki daga can, abinci halal ne, akwai wurin salla.

Kafin ka biya ko sisi, karɓi jerin garuruwan da jirgin zai tsaya ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙasa da dokar bizarta ga mai fasfon Najeriya, kuma cewa "ai ba zan sauka a can ba" ba ta fisshe ka. A bakin tasha za a hana ku hawa, kuɗin kuma sun tafi. In jirgin zai fita daga ƙasashen Schengen (ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, irin su Sifaniya) ya dawo, misali ya taɓa Tunisiya, bizar shiga sau da yawa kuke buƙata. Fasfo ya zama da sauran wata 6 bayan dawowa, a haɗa da katin rigakafin shawara.

Ku isa garin kwana guda kafin tashi, ko da kuɗin otal zai yi ciwo. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za a roƙi direba ya ɗan jira mutum ɗaya. Yana da lokacin da hukumar tasha ta ba shi, wasu jiragen na layi a bayansa, kuma ana rufe shiga tun kafin ya ɗaga.

Ranar kanta hayaniya ce: dubban mutane suna sauka da safe, wasu dubban suna hawa. 'Yan dako za su karɓi akwatunanku a ƙofa, da takardar lambar ɗaki manne a hannun kowane akwati, kuma wataƙila ba za ku sake ganinsu ba sai yamma. Saboda haka maganin hawan jini, fasfo, caja da darduma su zauna a jakar hannun Hajiya. Za a ba kowannenku kati, shi ne makullin ɗaki, shi ne kuma kuɗin kashewa a ciki. A nan ake barin kuɗi ba a sani ba, don yawancin kamfanoni suna ƙara ladan ma'aikata a kan kowane mutum kullum.

Kada ku tsallake atisayen ceto. Bayan da jirgin yawon buɗe ido Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka mutu, aka tsaurara doka cewa a yi shi kafin tashi ko da an ɗaga nan take. Ku je ku ga wurin da za ku taru in an sami haɗari da idonku.

Mai gudun jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Alƙibla tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya karkata, sai a duba kafin kowace kabbara. Waya kuma a kashe mata data da zarar kun bar gaɓa, don layin teku ta tauraron ɗan'adam yake bi, tsadarsa ba ta misaltuwa.