Ɗana ya shekara 23 amma halinsa na yara ne, shin aure zai sa ya natsu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana na fari shekararsa 23, ya gama difloma bara. Gemu ya cika masa fuska amma halinsa na ɗan shekara 14 ne. Yini yake yana wasan ƙwallo a waya, ya yi rigima da ƙannensa a kan tsokar nama, in an ba shi dubu biyar kafin magariba ta ƙare. Wata huɗun nan kuma ya daina zuwa majalisar abokansa, barcin rana ya yi yawa, wanka ma sai na yi magana. Baffanninsa sun ce a yi masa aure zai natsu, har sun fara zancen 'yar gwaggonsa. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a. Rashin kwanciyar zuciyar nan taki kada ki bari a kore miki shi da yawan magana, domin abu biyu na gani a wasiƙarki, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Wasan waya, faɗa da ƙanne da rashin riƙe kuɗi ba su tayar mini da hankali ba. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke taka wa mutum birki ya sa shi auna abin da zai biyo baya, shi ne na ƙarshe wajen nuna, kuma aikinsa kan kai har wajen shekara 25. Sashen son jin daɗi da neman yabon abokai kuwa tun farkon balaga yake ci da wuta. Shi ya sa za ki ga saurayi ya yi miki magana mai ma'ana da safe, da yamma ya hau babur ya saki hannu don abokai na kallo. Wani masani ɗan Amurka, Jeffrey Arnett, tun shekarar 2000 ya ware shekarun 18 zuwa 25 a matsayin zango na daban, ba yaro ba, ba cikakken babba ba. Mu ma ai mun san haka, kakanninmu suka ce ƙuruciya dangin hauka. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 6, da yake maganar dukiyar marayu, bai tsaya ga isa aure kaɗai ba, ya ce sai an jarraba su an ga rushdu, wato natsuwar sarrafa dukiya, kafin a miƙa musu. Balaga daban, hankali daban. Kuma ba ranar da ya cika 25 hankali zai sauko masa ba, ɗaukar nauyi kaɗan-kaɗan ne ke gina shi.

Yanzu bari in zo kan maganar baffanni, don ita ce nake ji kusan kullum a ɗakin duba marasa lafiya, kuma na gaji da ganin abin da take haifarwa. "A yi masa aure zai yi hankali." Hajiya, aure ba magani ba ne. Aure kaya ne, kuma wanda ya kasa ɗaukar tulu ba a ɗora masa randa don wuyansa ya yi ƙarfi. Hadisin da ake kafa hujja da shi, na Ibnu Mas'ud, cewa ya yi wanda ya samu iko a cikin matasa ya yi aure, wanda bai samu ba ya riƙi azumi. Rabin farko muke karantawa mu rufe littafi.

Ba zan manta wata yarinya ba, shekararta ba ta wuce 19 ba, da goyo a baya, ta kawo mijinta. Katin asibitin a hannunta yake ta naɗe shi tana warwarewa. Mijin yana zaune yana kallon bango yana murmushi shi kaɗai. Da na tambaye ta yaushe abin ya fara, sai ta ce: "Haka na same shi. An ce mini ƙuruciya ce, in na yi haƙuri zan gyara shi." Shekara biyu kafin auren iyayensa sun ga ya kulle kansa a ɗaki, sun ga ya bar makaranta, suka ce kaɗaici ne. Aka kashe kuɗin lefe, aka yi kamu da walima, ba a kashe ko kuɗin mota zuwa asibiti ba. Ciwon da ya kamata a tara tun yana ɗanye ya samu shekara uku yana cin yaron. Yanzu marasa lafiyar sun zama biyu, don ita ma yarinyar ta daina barci, ga jaririn kuma shi ne na uku a layi.

Wanda ya ba da shawarar auren ba shi zai kwana da ango ba. Ya ci shinkafar biki ya tafi gidansa. 'Yar mutane ce za a mayar ma'aikaciyar jinya ba da saninta ba, a ce mata ibada ce. In kuma auren zumunci ne irin wanda ake shirya wa ɗanki, ranar da auren ya mutu zumuncin gida biyu yake tafiya da shi, ke da dangin mijinki ku koma gaisuwa daga nesa. Na sha ganin haka. Akwai samarin da aure ya natsar, ban musa ba, amma ki duba da kyau, waɗannan tun kafin auren suna da sana'a, suna tashi asuba da kansu, suna iya haɗiye fushi. Auren ya same su da abin da zai ƙarfafa ne.

In aure bai yi ba, mataki na gaba da na san dangi ke ɗauka shi ne gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu da sunan gyaran tarbiyya. Bulala ba ta nunar da ƙwaƙwalwa. Masu cewa a ba su kuɗi su cire masa aljanin lalaci da hayaƙi, su ma ki rufe musu ƙofa. Ki yi masa addu'a dare da rana, wannan hakkinsa ne a kanki, amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata huɗun nan. Ƙuruciya hayaniya gare ta, tana son abokai, tana son ado. Saurayin da ya bar majalisa, ya bar wanka, ya koma barcin rana, ba yarinta ce ta ƙaru ba, wani abu ne ya canza. Kusan kashi uku cikin huɗu na cututtukan ƙwaƙwalwa kafin shekara 25 suke fara bayyana. Yana iya zama ciwon damuwa, musamman ga wanda ya gama karatu ya zauna ba aiki yana kallon sa'o'insa na wucewa. Yana iya zama shaye-shaye, kodin ko tiramol ko wiwi. Hana shigo da maganin tari mai kodin da gwamnati ta yi a 2018 bai kawar da shi daga unguwanni ba, kuma dubu biyar da ke ɓacewa kafin magariba tana sa ni tambaya. Cacar waya ma haka take cinye kuɗi shiru. Yana iya zama farkon ciwo mai nauyi irin na mijin yarinyar nan, wanda in an tare shi da wuri ake samun sauƙi sosai.

Ki nemi lokacin da ƙannensa ba sa nan, ki zauna da shi ba da faɗa ba, ki ce kin ga ya canza kuma kin damu. Ki tambaye shi barcinsa na dare, ko yana jin muryoyi alhali ba kowa a wurin, ko ya taɓa jin gara ya mutu. Tambayar ba ta sa mutum aikatawa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya amsa da e, a ranar za ku tafi asibiti. In ba haka ba, cikin makon nan ki kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, kuma ki roƙi mahaifinsa ya biyo ku. Baffanni kuwa ki ce musu a dakata da zancen yarinyar har likita ya gan shi.